Ganuwar da ta Hana Inna Tashi

Ni ne ɗan farin Inna, kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Badarawa. Sai da na fara zama saurayi na dawo, mahaifinmu ya gina mini ɗaki a can ƙarshen gida ta gabas, nesa da nata. In tana son magana da ni, sai ta dubi wani ta ce, "Ka ce ma wancan." Da na samu aikin koyarwa na koma Kaura Namoda, sai na zama "mutumin Kaura". Na san al'ada ce, na ma sha bayyana wa ɗalibaina ita a aji. Amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba in na ji ta ƙwala wa autanmu kira da cikakken sunansa, tana jan ƙarshensa, shi kuma yana amsawa daga zaune ko tashi bai yi ba.

Mu biyu ne maza a ɗakinta. Auta ya yi karatun gine-gine a kwalejin fasaha ta Kaura, a gidana ya zauna har ya gama, sannan ya bi wani kamfanin gina hanya ya yi 'yan shekaru a waje. Yaro ne mai kirki, wannan ba na ja. Kirkin nasa ma yana cikin abin da yake ba ni haushi, don ko ka neme shi da faɗa ba ka samun inda za ka kama.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Kaura da Zurmi, a gindin dutse. Kakanmu ne ya zaɓi wurin, wai don makarantar allonsa ta yi nesa da hayaniya. Dutsen ba shi da wani tsawo na a zo a gani, amma samansa cike yake da manyan duwatsu masu zaman kansu, wani a kan wani. Duk damina ruwa yana ƙwaƙule ƙasar da ta riƙe su, sai ka ji ɗaya ya gangaro. Muna yara ƙanana ne suke saukowa, mu je mu kalla mu dawo. Da aka sare itatuwan jikin dutsen aka yi makamashi da su, manyan suka fara motsi.

Bayan rasuwar mahaifinmu na gina wa Inna ɗaki a gidana na Kaura. Na sa tayil, na sa fanka, na yi mata banɗaki a ciki, har da 'yar rumfa a ƙofa inda za ta sha iska. Buri ɗaya ne da ni a duniya lokacin: ta ƙare kwanakinta a gidana. A ganina, in muna gida ɗaya ina gaishe ta safe da yamma, ko ba ta kira sunana ba ai za ta saba da duban fuskata. Na roƙa ta bakin baffanninmu, na roƙa ta bakin ƙannenta. Na kawo maganar asibiti, na kawo maganar yadda hanyar Zurmi ta lalace da rashin kwanciyar hankali. Amsar ɗaya ce kullum, kuma ba ni ake ba wa ba. "Ku ce mai, nan anka kawo ni, nan za a fid da ni."

Sai wata damina, da hantsi, bayan ruwan da ya kwana yana zuba, dutse ya yi mini aikin da na kasa. Wani ƙato, girman saniya a kwance, ya gangaro ya fasa katangar baya ya murƙushe rumbun geron Inna. Tana zaune tana tsintar wake, tsakaninta da rumbun bai fi tsawon tabarma biyu ba. Da labari ya iske ni na hau babur, ina tafe ina salati. Da na ga lafiyarta ƙalau na yi hamdala. Bayan hamdalar kuma, ba zan ɓoye ba, daɗi ne ya lulluɓe ni. Na dubi dutsen nan zaune cikin gero na ce a raina, sannu da aiki.

Ranar ta yi maganar da ba ta taɓa yi ba. Ta dubi matar baffanmu ta ce, "Ki ce ma mutumin Kaura, in anka yi girbi mu gani." Na koma gida na sa aka sake fentin ɗakin. Na sayi katifa, na sayi buta da darduma sababbi. Matata tana ta tsokanata, wai ko amarya za a kawo ba a yi wannan rawar kai ba.

Kafin a gama girbi Auta ya dawo. Ya kwana biyu yana hawa dutse yana sauka, yana bin sawun inda dutsen ya bi, yana duba inda ya daki ƙasa ya yi tsalle. Ran nan muna zaune a zaure ya ce, "Yaya, ina ganin za a iya tare su."

Na ce, "Tare wa?"

"Duwatsun. A yi ganuwa ta ƙasa a bayan gida."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce dutsen da ya fasa katanga ya niƙe rumbu, shi za a tare da ƙasa? In ma tarewar ce, ai sai bulo da siminti da rodi. Ya ce a'a, bulo tauri gare shi, in dutse ya dake shi tarwatsewa zai yi, ɓaraguzan ma su zama wani abin jifa. Ƙasa kuwa lotsawa take yi ta shanye dukan. Abin da ake bukata kawai a ɗaure ta kada ta watse. A zuba jar ƙasa mai kaurin kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, a daɓe, a shimfiɗa ragar waya, a naɗo bakin ragar ya rungume ƙasar, a sake zuba wata a kai. Gindi ya yi faɗi, tana hawa tana tsukewa. Ta fuskar dutse a jera tsofaffin tayoyi cike da ƙasa. Tsakanin ganuwar da gindin dutse a bar kwari, inda abin da ya gangaro zai faɗa ya zauna, a kuma fitar wa ruwa hanya ta gefe.

Duk na fahimta. Abin da ya ƙona mini rai ke nan, maganarsa ta shiga hankali. Na ce, "To kai wa ya aike ka? Tsohuwa ta riga ta yarda za ta koma inda ba dutse, ka zo kana tayar da zance."

Ya ce, "Yaya, ko ta tashi ai akwai gidan baffa da maƙwabta."

Ka ji irin amsar tasa. Na yi tsaki na shiga cikin gida, na tarar har ya riga ni, tun jiya ya zana wa Inna abin a ƙasa da tsinke. Tana zaune tana duban zanen, ta hana yara takawa.

Da rani ya shigo aka kira gayya. Manoman unguwa, waɗanda iyayensu suka yi karatu a gaban kakanmu, suka fito da jakuna da mangaloli da baro. Ragar waya da tayoyi Auta ya samo su ta hannun abokan aikinsa na da, aka kawo a mota har bakin gari. Injin daɓe ne ya gagara, lungun bayan gida ya yi masa ƙunci. A nan Inna ta shigo cikin aikin da ƙafarta. Ta ce tun yaushe daɓe ya zama aikin inji? Daɓe na mata ne. Aka raba aiki, maza su haƙa su zuba su shimfiɗa raga da safe, in la'asar ta yi su janye, mata su fito da madaɓansu. Daga zaure kana jin dukan yana sauka tare, da waƙa, da guɗa jefi-jefi. Muryar Inna ce ke ba da waƙar, macen da nake cewa ƙafa ta hana ta zuwa ko'ina.

Ina zuwa duk ƙarshen mako, don kada a ce babban ɗa ya noƙe. Na ɗauki kwando, na yi dakon ƙasa har kafaɗata ta saɓule. Ba wanda ya ce mini sannu sai a dunƙule, cikin jama'a. Auta kuwa, ko'ina ka juya sunansa. Dattawan da suka yi mini wa'azin girman ɗan fari su ne yanzu suke tsayawa sai ya duba ya ce a zuba. Limamin unguwa ya sa masa albarka bayan sallah. Wani tsoho ma ya dafa ni ya ce, "Malam, kun yi sa'ar ƙane." Na ce masa ƙwarai, ina murmushin yaƙe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne furar azahar. Inna takan dama ta aiko wa 'yan gayya a manyan ƙore, tawa tana ciki tare da ta kowa. Ta Auta kuwa a ƙaramin ƙoƙo, ita da kanta take kawowa bakin ƙofar baya, ta kira sunansa, ta tsaya har ya shanye, tana yi masa faɗan ya ƙi sa hula a rana. Ina tsaye da kwando a ka, gemuna da furfura, ina kishin ƙoƙon fura. Na san abin dariya ne. Ban yi dariya ba.

Ganuwa ta tashi har ta fi tsawon mutum. Ta faro daga bayan gidan baffa, ta wuce bayan ɗakin Inna da madafa da inda rumbu yake. Wata Asabar na zo na tarar ana rufe bakinta ta gabas, ana naɗe ragar ƙarshe. Na duba, na sake dubawa. Ta tsaya kafin ta kai ɗakina. Ɗakin yana can shi kaɗai, bayansa a buɗe yana kallon dutse.

Na ja Auta gefe na ce, "Nan ta ƙare?"

Ya ce raga ta ƙare, kuma sawun duwatsun duk ta yamma suke bi, gabas ba ta cika samun komai ba sai ƙanana. Ya ƙara da cewa, "Kuma ai ba kowa a ɗakin, Yaya. Sai da Sallah kake kwana."

Gaskiya ya faɗa, ba kowa a ɗakin sai tsohon gadona da akwatin littattafai. Amma ni abin da na ji daban. Na ji an zana iyakar gida an bar ni a waje, kuma uwata tana tsaye aka zana, da madaɓinta a hannu. Na ce masa ya yi kyau. Na wanke ƙafata, na leƙa na ce wa Inna na tafi, ta ce wa bango, "A sauka lafiya." Ban sake taka ƙauyen ba har rani ya fita. Ina aika cefane, ina kiran Auta a waya mu gaisa sama-sama. In ya fara zancen ganuwa sai in ce ana jirana a aji.

Damina ta sauka. Ban roƙi Allah ganuwar ta faɗi ba, uwata ce a bayanta. Amma na so a ce ruwa ya ɗan zaizaye ta, ta tsage ko da kaɗan ne, yadda Inna za ta tsorata ta tuna da maganar girbi. Ba ta tsage ba. Ciyawar jemar da Auta ya dasa a jikinta ta kama ta yi kore. Da ruwa ya yi nisa wani dutse ya sauko da rana tsaka, aka ce ya fi na bara. Ya daki tayoyin, ya lotsa ƙasar, ya koma cikin kwari ya zauna. A cikin gida, in ji masu faɗa, ƙorai ne kawai suka yi ƙara a kan danki, inda ake jera su. Mutane suka yi ta zuwa kallo har daga Ɗan Isa. A kasuwar hatsi ta Kaura wani ya tare ni yana tambaya wai ni ne yayan mai ganuwa.

Bayan kwana kaɗan saƙo ya zo ta bakin matar baffa. "Ta ce a ce ma mutumin Kaura ya yi haƙuri, dutse ya samu mai tsaronai." Na shiga ɗakin da na gina na kunna fanka na zauna a kan katifar da ko ledarta ba a cire ba. Matata ta leƙo ta ce ko a zuba buhunan gero a ciki kafin a ga abin da Allah zai yi. Na daka mata tsawar da ba ta cancanta ba, daga baya na ba ta haƙuri.

Da kaka ta yi na shirya na tafi, da niyyar kwashe littattafaina. Tun da an bar ɗakin wa dutse, gara in ɗauke abin da nake da shi. Ina shiga gida na ci karo da awaki. Ko'ina awaki, a tsakar gida, a bakin madafa, ɗaya har ta hau turmi. Inna mace ce mai tsabta, garkenta yana kewaye da ragar waya tun zamanin mahaifinmu, ba ta yarda akuya ta taka inda ake shanya. Yanzu turakun ne kawai a tsaye, ba raga. Na ajiye ledar goro don in cire takalmi, wata jar akuya ta fizge ta. Na bi ta da gudu ina zagi, ta bi ta ƙofar baya, na bi ta.

A nan na tsaya. Ganuwar ba ta ƙare inda na bar ta ba. Daga bakin da aka rufe an ɗora wata, ta miƙe ta wuce bayan ɗakina har ta ɗan lanƙwaso ta rungume kusurwarsa. Ba ta kai ta farko tsawo ba, kuma ba ta miƙe sak ba, tana da 'yan tudu da kwari. Samanta kuwa sumul yake yana ƙyalli, baƙi-baƙi, an daɓe shi da makuba yadda mata suke yi wa daɓen ɗaki. A gefe, inda ruwa ya ɗan wanke, bakin raga ya leƙo. Tsohuwar raga ce mai tsatsa, da gashin akuya maƙale a jikinta.

Auta ya iske ni a wurin. Na nuna masa da haɓa.

Ya ce, "Ranar da ka tafi ta zo ta duba. Ta ce ganuwa ba ta ƙare ba. Na ce mata raga ta ƙare, kuma ba kowa a ɗakin. Ta ce ɗakin da mai shi." Ya ci gaba da cewa, "Washegari na tashi na tarar ta sa an kwance garke. 'Yan gayya sun watse, kowa ya tafi sharar gona. Ni na haƙa na zuba, ita da tsofaffin unguwa suka daɓe. Na ce mata makuba ba ta ƙara wa ganuwa komai, ta ce ba ni ta tambaya ba."

Na ce, "Ka kasa faɗa mini?"

"Na fara, ka ce ana jiranka a aji. Ita kuma ta ce in na kai maka zancen, in nemi wata uwar."

Na daɗe a tsaye ina shafa saman daɓen. Akuyar tana gefe tana cin gorona da leda. Sannan na koma cikin gida. Inna tana bakin ɗakinta tana kaɗa nono, Auta ya zo ya zauna kusa da ita har gwiwarsa tana taɓa tabarmarta. Ni na durƙusa daga nesa, inda na saba. Na gaishe ta, ta amsa tana duban ƙwarya. Na ce, "Inna, na ga aiki." Ta gyara wa ƙwaryar zama. Na ce, "Inna, ɗakin Kaura yana nan."

Ta ci gaba da kaɗawa. Can ta ɗaga kai ta dubi Auta, ta kira sunansa, da jan ƙarshen nan nata. Ta ce, "Ka ce ma yayanka an share ɗaki. In kwana za shi yi, a kai mai ruwa."

Na kwana. Littattafan suna nan a akwatinsu har yau, ban ɗauko ko ɗaya ba. Da na koma Kaura na sayi ragar waya sabuwa na ɗora a keke napep har tasha, na aika a gyara garke. Saƙon godiya ya zo ta bakin matar baffa, kamar kullum.

Kishin Auta bai bar ni ba, kada wani ya zata. Shi ya gane abin da take so ya yi mata, ni kuwa abin da nake so na gina na ce nata ne. Har gobe shi ake kira da suna, shi ake kai wa fura a ƙaramin ƙoƙo, shi yake zama a bakin tabarma. Inna ba ta zo Kaura ba, kuma na daina aika masu roƙo. Ɗakin tayil gero ne a cikinsa yanzu, matata ta yi nasara. Ni nake hawa babur duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in hanya ta yi kyau, in je in kwana a ɗakin gabas. Da safe kafin in shiga gaisuwa nakan zaga baya in duba inda ruwa ya ci, in cike da ƙasa. Duk shekara kafin damina nakan tarar an sake bin saman da makuba, ta wajen ɗakina kaɗai. Ban taɓa tambayar wanda ya yi ba, ita ma ba ta taɓa aiko a faɗa mini ba.